Injin kwale-kwale mai wuyar tashi da mutuwa a silo

Ɗan'uwa na ga tambayarka, ka ce Yamaha 40 ɗinka sai ka ja igiya har kafaɗa ta gaji kafin ya tashi, kuma da ka saki totur sai ya mutu, ka canza fulogi amma shiru. To ni dai a abin da na gani a bakin ruwan Yauri, irin wannan yawanci ba wuta ba ce, mai ne baya isa.

Fara da na banza tukuna. Ka kwance ɗan sukurun iska na murfin tanki, ka matsa famfon tiyo har ya yi tauri, in ya ƙi tauri to tiyon na shan iska ko famfon ya mutu. Sannan ka zuba man a kwalba ka bari ya kwanta, in da ruwa za ka gan shi a ƙasa, man 'yan bumburutu kam sai a hankali. Haɗin fetur da man inji ma ka duba, 50 da 1 ne, wato tanki mai lita 25 rabin lita na man 2T, amma mutanenmu sai su yi ta tuttulawa wai don injin ya daɗe, ƙarshe fulogi ya yi baƙi jage-jage ga hayaƙi.

Amma inda na fi zargi kabreta ce. Gwada ka ɗan ja cok lokacin da zai mutu, in ya farfaɗo to ƙaramin jet na silo, wato ɗan bututun da ke ba injin mai in an saki totur, shi ne ya toshe, raminsa ko allura ba ta shiga, in injin ya kwana biyu a ajiye fetur ya bushe ya bar danƙo shikenan. Ka cire shi ka wanke da fetur mai kyau ka hura iska, ka ɗaga shi sama sai ka hango haske ta ciki. Don Allah kar ka tsokane shi da waya, za ka buɗe ramin. Kuma kafin ka taɓa sukurun silo ka ƙirga zagayen da yake kai, wasu makanikai nan suke fara murɗawa su ƙara rikita abin.

In duk ka yi bai daina ba, a auna kamfireshan, wato ƙarfin matsar iska, na silinda biyun, in ɗaya ya yi ƙasa sosai a duba ringin fistan, in kuma daidai suke a duba sil na karanshaf ko yana jan iska. Wane kala fulogin da ka cire yake, baƙi mai jiƙe ko fari busasshe?