Tambaya da Amsa: Me Muke Kewa a Shekarun 1980?

A wannan watan wasiƙu huɗu suka zo kan batu guda, wato talabijin da kiɗa da suturar shekarun 1980, don haka muka ware musu filin gaba ɗaya.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni uwa ce mai 'ya'ya biyar, na haura shekara hamsin. Duk lokacin da na ce wa yarana wasannin kwaikwayon da muka kalla muna yara sun fi na yanzu armashi, sai su yi dariya su ce tsufa ne ya fara kama ni, wai ai hoton ma baƙi da fari ne. Don Allah da gaske abin ya fi, ko kuwa ƙuruciyata kawai nake kewa? Daga wata mai karatu a Tudun Wadan Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Yaranki suna da gaskiya ta fuska ɗaya, domin idan maganar kyan hoto da tsabtar sauti ake yi, wayar da ke hannun autarki ta fi kyamarar da aka ɗauki yawancin waɗancan wasanni da ita. Amma abin da kike kewa yana da tushe, kuma ba tsufa ne ya ƙirƙiro shi ba.

Ki tuna yadda ake kallon. A layinmu gida ɗaya ne ke da akwatin talabijin, irin mai ƙofofin katako da ake zugewa, wanda uwargida take lulluɓewa da farin ƙyalle saƙar hannu. Bayan sallar isha'i sai a fito da shi tsakar gida a ɗora kan tebur, a shimfiɗa tabarmi, yara a gaba, mata a gefe, maigida da abokansa a kan kujeru. Idan hoto ya fara rawa, sai a tura yaro guda ya kama gorar da aka ɗaura eriya a kanta yana juyawa, yana kiran "ya yi?", mutanen tsakar gida suna amsa masa da "koma baya kaɗan". Tashar ba ta buɗewa sai wajen la'asar, kuma kafin dare ya raba an sa taken ƙasa an rufe. Wanda shiri ya wuce shi, to ya wuce shi sai wani makon, saboda haka ba a wasa da lokacinsa, kuma washegari a makaranta da kasuwa da majalisar mai shayi maganar abu ɗaya ake yi.

Dalilin wannan haɗuwa shi ne ƙarancin tashoshi. An fara talabijin a Kaduna a 1962, sannan a 1977 gwamnatin tarayya ta haɗe tashoshin ƙasar a ƙarƙashin NTA. A zamanin Gwamna Abubakar Rimi jihar Kano ta kafa tata tashar, CTV, wadda yanzu take ɗauke da sunansa, wato ARTV, kuma ba a ba 'yan kasuwa izinin buɗe tashoshi ba sai a 1992. Mutumin Zariya ko na Kano tasha ɗaya ko biyu yake kamawa, kuma kowace tasha da mutanen garinta take cika lokacin da ya rage bayan shirye-shiryen da ake turowa daga Legas. A nan ne, a ganina, sirrin yake. Kaduna tana da Samanja, wanda marigayi Usman Baba Pategi ya fito da shi, kuma shi tsohon soja ne na gaske, shi ya sa Hausar bariki da yake haɗawa da Turancin buroka ta zauna a bakinsa daram. Kaduna ce kuma ta ba mu marigayi Kasimu Yero a Karambana. Jos tana da Karkuzu, Sakkwato tana da Idon Matambayi da Sakkwatancinsa ba gauraye, Kano tana da Kuliya, inda ake baje rigingimun aure da gado da bashi a gaban alƙali. Kowane gari yana jin harshensa da matsalarsa a cikin akwatin.

Akwai kuma wani abu da ba kowa ya lura da shi ba. Yawancin waɗannan wasanni ba a rubuta musu magana kalma bayan kalma. Mai shiryawa yakan tsara labarin ya raba wa kowa matsayinsa, sauran kuma ɗan wasa ne zai zuba daga cikinsa. Da yawansu sun goge a wasan rediyo da na dandamali tun kafin kyamara ta same su, don haka karin magana da habaici da zambo suna fitowa ne kamar yadda suke fitowa a zaure. Wannan Hausar ce kunnenki yake nema, Hajiya, kuma ina tare da ke a kan cewa ta yi ƙaranci a finafinan yanzu, ko da yake akwai matasan da suke ƙoƙari, kuma bai kamata a tauye musu haƙƙi ba.

Sai dai kada daɗin tuna baya ya mantar da mu cewa shekarun suna da ɗacinsu. A 1982 aka shiga tsuke bakin aljihu bayan faɗuwar farashin man fetur, a 1984 iyayenmu sun sha layin sabulu da madara da shinkafa, a 1986 kuma aka karya darajar naira. Mu da muke kan tabarma muna dariya ba mu san nauyin da ke kan waɗanda suke zaune a kujeru bayanmu ba.

Tambaya: Baba, ni ɗalibi ne a Maraɗi. Mahaifina yana yawan cewa a zamaninsu kiɗan gargajiya kawai samari suke saurara, ba ruwansu da na waje. Haka abin yake? Daga wani matashi a Jamhuriyar Nijar.

Amsa: Ɗana, mahaifinka ya faɗi abin da ya fi zama a zuciyarsa, amma idan ka zauna da shi cikin natsuwa zai tuno maka da sauran. Gaskiya ne cewa makaɗan Hausa su ne suke riƙe da fage. Alhaji Mamman Shata yana kan ganiyarsa da kalangunsa, Musa Ɗanƙwairo yana waƙar sarauta da kotso, Haruna Uji yana da gurmi, Barmani Choge tana cika gidajen biki da kiɗan ƙwarya, Ɗanmaraya Jos kuma shi kaɗai yake tsayawa da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ba 'yan amshi, ya yi wa direba da ɗan dako da matar aure waƙar da za su ji kamar da su kaɗai yake. Rediyon Kaduna yana kai waɗannan muryoyi har garinku da Damagaram da zangunan Gana, kuma ta shirin Zaɓi Sonka mutane suna aika gaisuwa a kati su zaɓi waƙar da za a sa wa masoyansu.

Amma a aljihun saurayin nan guda za ka iya samun kaset ɗin Shata da na Bob Marley, wanda ya rasu a 1981 waƙoƙinsa suka ƙara bazuwa, da na Michael Jackson, wanda yaran makarantun kwana suka riƙa kwaikwayon rawarsa. Gidajen silima irin su Plaza da Marhaba da Orion a Kano suna cika da masu kallon finafinan Indiya, har yaran da ba su jin kalma ɗaya ta harshen suna rera waƙoƙin daga farko har ƙarshe. A tsakiya kuma akwai irin su Bala Miller a Kaduna, wanda ya yi waƙar Hausa da jita da ƙaho. Abin da ya sauya komai shi ne kaset, domin ya fi faifan garmaho araha, ana kwafarsa a rumfar kasuwa, kuma idan zarensa ya fito sai a zura biro a rami a naɗe shi a ci gaba da saurare. Bambancin da nake gani shi ne, a lokacin kiɗan waje baƙo ne da aka yi wa shimfiɗa, mai gida yana nan a mazauninsa. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani a 2013, Ɗanmaraya a 2015, kuma kaɗan ne daga cikin yaranmu suka zauna suka koyi kayan kiɗan da suka bari.

Tambaya: Malam, ni tela ne a Fagge. Kwanan nan 'yan mata suna kawo mini tsofaffin hotunan iyayensu su ce irin wannan ɗinkin suke so. Ina iya fitar da ɗinkin, amma atamfar ba ta zama yadda take a hoton. Ina matsalar take? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Maigida, hannunka lafiya lau yake, yadin ne ya sauya. Na san irin hotunan da kake nufi: matar tana zaune a sutudiyo kusa da tulun furen roba, ta ɗora hannu a kan wayar tarho, riga mai kumburarren hannu da soso a kafaɗa, zani har idon sawu, ɗaurin kallabi ya tashi sama, ga siririn gyale a kafaɗa ɗaya, ga kwalli da jan lalle. Namijin kuma ko dai babbar riga da doguwar hular nan da aka riƙa dangantawa da Shugaba Shehu Shagari, ko kuma, idan ɗan boko ne a farkon shekarun, wando mai faɗin ƙafa da tarin suma da matsefi a aljihun baya.

Atamfar da ke jikin matar nan auduga ce zalla, kuma sau da yawa audugar a Funtuwa ko Gusau aka noma ta, aka saƙa ta aka buga mata zane a Kakuri, unguwar masaƙu da ke Kaduna. Masaƙar Kaduna Textiles (KTL) ta fara aiki a Kaduna a 1957, ta United Nigerian Textiles (UNTL) ta biyo baya a 1964, ga Arewa Textiles da sauransu, har aka riƙa kiran Kaduna garin masaƙu, kuma idan aka tashi daga aiki kekunan ma'aikata sukan cika titi. Mai hali yakan sa Holan a lefe, amma atamfar gida ita ce suturar yau da gobe, kuma tana da nauyin da ke sa ɗauri ya tsaya, ninki ya kwanta, ta kuma ƙara laushi da wanki ba tare da ta koɗe ba. Bayan 1986 kuɗin sayo rini da kayan gyaran injuna daga waje ya ninka, wutar lantarki ta yi ƙaranci, baƙin man da ake hura tukwanen masaƙa da shi ya yi tsada, sannan yadi mai araha daga Asiya ya kwararo ta kan iyakoki. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, dubban magidanta suka zauna a gida. Yawancin abin da ke cika Kantin Kwari a yau an gauraya shi da zaren roba, shi ya sa yake sheƙi a ido amma yake zamewa a ƙarƙashin allura. Ka shawarci masu kawo maka ɗinkin su nemi mai auduga zalla ko da ta fi tsada, a wanke ta a cire mata kauri kafin ka yanka, sannan ka sa shafi a hannun rigar.

Tambaya: Ina za a samu waɗannan tsofaffin shirye-shirye a kalla? Daga wani malamin makaranta a Gusau.

Amsa: Malam, wannan tambayar ita ta fi taɓa ni. Kaset ɗin da tashoshi suke ɗaukar shiri da shi yana da tsada a lokacin, don haka sau da yawa akan goge shirin da ya wuce a ɗauki sabo a kansa, wanda ya tsira kuma zafi da ƙura da funfuna sun ci da yawa daga cikinsa. Gutsattsarin da ake gani a YouTube galibi daga gidajen mutane suka fito, waɗanda suka naɗa da bidiyonsu suka adana. Za ka iya tuntuɓar ɗakunan ajiya na NTA Kaduna da ARTV Kano da Rediyon Tarayya na Kaduna, akwai kuma ma'ajiyar finafinai da sauti ta ƙasa da ke Jos.

Roƙona gare ka da sauran masu karatu shi ne a duba akwatunan iyaye da ƙarƙashin gadaje. Wanda ya samu tsohon kaset kada ya yi gaggawar zura shi a rikodar da ta shekara ashirin ba a share ta ba, domin tana iya cinye zaren a sauraro ɗaya. A ajiye shi a tsaye, a inuwa, nesa da danshi, a kai wa wanda ya iya mayar da shi cikin kwamfuta, a rubuta sunan shirin da tashar da shekarar da ake zato a jikinsa. Kai kuma da kake da ɗalibai, ka ba su aikin hutu su je wurin kakanninsu da waya, su naɗi muryarsu suna ba da labarin wasan da suka fi so da waƙar da aka sa ranar bikinsu. Duk wanda ya samu wani abu ya rubuto wa wannan fili, za mu sanar da masu karatu a fitowa ta gaba in Allah ya yarda.