Amsa: Buɗe jaridar unguwa a Kano

Malam, ka tambayi yadda za ka fara jarida ta unguwarku da ɗan jarin da ke hannunka. Abu ne mai yiwuwa, amma kada ka sa ran kuɗin sayarwa zai riƙe ta. Mutanen Kano masu sauraron rediyo ne, kuma takarda ta yi tsada. Talla ce za ta ciyar da ita: makarantun kuɗi, masu kemis, teloli, 'yan kasuwar Kwari da ke zaune a unguwar. Je ka same su tun kafin ka buga komai.

Ka fara da shafi huɗu, sau ɗaya a wata, ka kuma riƙa tura ta a WhatsApp. Labarin Abuja kuwa bar wa jaridar Aminiya. Naka shi ne kwatar da ta toshe, taransifoma da ta lalace, ɗaurin aure, rasuwa, ƙwallon matasa. Mutum na ganin sunan layinsu zai karanta.

Ka yi rajistar suna a CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, ka nemi lambar ISSN, wato lambar shaidar jarida ko mujalla, a Laburaren Ƙasa. Ka kai wa mai unguwa da limamai gaisuwa, su san da zamanka.

Wani abu da ake mantawa: dattawa da yawa ajami suka iya. Kamfanin Triumph ya buga jaridar Alfijir da ajami saboda su, kai ma ware musu rabin shafi.

Zargi kuma, kada ka buga sai ka ji ta bakin wanda ake zargi, don ƙarar ɓata suna guda ɗaya ta isa ta rufe ka. Kuɗin ɗan siyasa ma ka yi hattara da shi.