Amsa ga mai tambaya daga Kano: yadda ake sauraren tsohon faifan rok a Landan

Ɗan'uwa, ka ce an faɗa maka Hausawan Landan har gobe suna ajiye faifan garmaho, wai har da kiɗan rok na Turawa. Gaskiya ne, amma ba a kowane gida ba. Akwai gidajen da ba a sa kiɗa sam saboda addini, kuma ba mai ganin laifinsu. Galibi za ka tarar da faya-fayan ne a wajen dattawan da suka zo karatu a shekarun 1970 suka yi zamansu, ko 'ya'yansu da suka gada. Ba a kunna faifai ana girki kamar rediyo. Zama ake yi masa, a ji gefe guda, wajen minti 20, a tashi a juya. Lokacin salla ya yi, a ɗage allura. Bayan ƙarfe 11 na dare kuma a rage sauti, don bangon gidajen nan ba kauri, maƙwabci yana iya kai ƙara ƙaramar hukuma.

Faifan da ya dace da ɗan Nijeriya ya fara da shi shi ne Band on the Run na Paul McCartney da ƙungiyarsa Wings, wanda ya fito a ƙarshen 1973. Yawancinsa a Legas aka ɗauka, a situdiyon kamfanin faya-fayai na EMI da ke Apapa. Mutum biyu sun fice daga ƙungiyar ana gab da tafiya, saura uku, shi ya sa McCartney da kansa ya buga ganguna. Kafin ka saya, ƙirga waƙoƙin: bugun Ingila tara ne, na Amurka goma.

To, faifan da ya shekara 30 a kwali ba a ɗora shi haka nan. A kama shi ta baki da tsakiya, don maiƙon yatsa shi ke riƙe ƙura a cikin layukan. A ɗaga shi a haske. Idan farce yana jin karcen, allura ma za ta ji, za ta riƙa tsalle. Idan farin dabbare-dabbare ne, fumfuna ce, wadda danshin ɗakunan ajiya na ƙasar nan ke kawowa, kuma tana wankuwa. Ana amfani da tataccen ruwa irin na batirin mota, kashi huɗu, da sifirit na isofurofil kashi ɗaya, a goga da tsumma mai laushi ana bin zagayen layin, kada ruwan ya taɓa takardar tsakiya. Ruwan famfon Landan yana da farar ƙasa, in ya bushe sai ya bar ƙaraf-ƙaraf da ya fi na da. A bar shi a tsaye ya bushe sarai. Amma sifirit kada ya kusanci tsohon faifai mai nauyi mai juyawa sau 78 a minti, irin na kakanni, narkar da fuskarsa yake yi.

Sai injin. Babban faifai mai inci 12 yana juyawa sau 33 da sulusi a minti, ƙaramin mai inci 7 sau 45. Idan muryar mawaƙi tana lilo kamar mai jin barci, kada a zargi faifan: bel ɗin roba da ke ƙarƙashin farantin ne ya saki, canja shi aikin minti biyar ne. Nauyin da allura ke dannawa a yawancin injuna bai wuce giram 2 ba, ana daidaita shi da ƙarfen da ke bayan hannun da ke ɗauke da allurar. Masu ɗora kwabo a kan allura don ta daina tsalle cinye faifan kawai suke yi. Rage nauyin fiye da kima ma ɓarna ne, don allurar na karo da gefen layin. Allurar da ta yi awa 500 zuwa 1,000 ta gama aiki. Idan sauti ya fito siriri babu ƙarfi, an soka wayar injin a jikin amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, a ramin da ba na faifai ba ne. Sai a nemi wanda aka rubuta wa Phono. Idan kuma ana jin gurnani ƙasa-ƙasa, siririyar wayar ƙasa (earth) ce ba a ɗaure ba.

Ka tambayi ko za a iya aiko maka. Injin da aka saya a Ingila zai yi aiki a Kano, don wutarmu iri ɗaya ce, bolt 230 da zagaye 50 a daƙiƙa, filogin ma mai ƙafa uku. Na Amurka kuwa bolt 120 da zagaye 60 yake so. Ko an sa masa taransifoma, tsofaffin da motar da ke juya farantinsu ke bin zagayen wuta za su koma juyi wajen 28 maimakon 33, waƙa ta zama kukan bijimi. Janareta mai hawa da sauka ma haka take yi musu. Faifan kansa, a nan hita ce ke lanƙwasa shi, a can kuwa zafin bazara ne da ƙurar hunturu. A jera su a tsaye kamar littattafai, ba a jibge ba, a ɗakin da rana ba ta buga bangonsa, kowanne cikin rigarsa da bakin rigar yana kallon sama cikin kwalin. Kada a bar shi a but ɗin mota ko na wuni ɗaya a watan Afrilu.