Motocin yara masu batir: amsar tambayar Hajiya

Assalamu alaikum jama'a. Hajiya, na saurari saƙonki inda kika ce motocin yara masu batir sun cika kasuwa gabanin Sallah, kina tambaya ko 'yan China ne suka ƙirƙiro su kwanan nan, kuma ko ya dace ki saya wa jikanki.

Abin ya kai kimanin shekara ɗari. Kafin zuwan batir, 'ya'yan masu hali a Turai da Amurka motar ƙarfe mai feda suke hawa, wadda yaro yake tafiyar da ita da ƙarfin ƙafarsa. A shekarar 1926 ne Ettore Bugatti, mai ƙera motocin tsere a Faransa, ya yi wa ƙaramin ɗansa Roland irin motarsa Type 35 a rabin girmanta, da masu sayen motocinsa suka gani kuwa sai suka nuna sha'awa, aka shiga ƙera ta don sayarwa daga 1927 zuwa 1936. Tana da injin lantarki da batir mai bolt 12, tana gudun kusan kilomita 20 a awa ɗaya, amma guda 500 ko kusa da haka kawai aka yi, don sai gidan sarauta ko na attajiri ake ganin ta.

Abu biyu ne suka sauko da ita zuwa gidajen talakawa: jikin roba mai arha, da rufaffen batir. Batirin dalma tsoho ne, tun 1859 Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a Faransa, sai dai ruwan asid ɗin cikinsa yana zubewa da zarar ya karkata, kuma babu uwar da za ta yarda ɗanta ya zauna a kan wannan. Da rufaffen ya yaɗu a shekarun 1970, hanya ta buɗe. A tsakiyar shekarun 1980 kamfanin Kransco na Amurka ya fito da motocin yara masu batir da ake kira Power Wheels, sannan kamfanin kayan wasa na Mattel ya saye shi a 1994 ya sa motocin ƙarƙashin reshensa Fisher-Price. China daga baya ta shigo, ta karya farashi, ta kuma yawaita masu rimot da iyaye ke riƙewa.

Inda nake son ki tsaya da kyau shi ne 1998. A shekarar hukumar kula da ingancin kayan masarufi ta Amurka ta sanar da janye motocin Power Wheels kusan miliyan 10 don a gyara su, bayan rahoton gobara kimanin 150, saboda wayoyi da mahaɗin batir suna ɗaukar zafi har roba ta narke, wasu ma suna ajiye ne ba kowa a kansu wutar ta kama. A 2001 kamfanin Fisher-Price ya biya tarar dala miliyan 1.1 kan jinkirin sanar da hukuma. Wato ba gudu ne babban haɗarin ba, domin mai bolt 12 ta yau ba ta cika wuce kilomita 8 a awa ba. Haɗarin yana ƙarƙashin kujera, inda batir da wayoyi suke.

Saboda haka ki saya masa, Hajiya, amma tun a shago ki sa a ɗaga kujerar ki ga akwai fis, kuma wayoyin ba sa lilo. Idan fis ya ƙone, kada ki bari mai gyara ya haɗe wurin da zaren waya kamar yadda wasu suke yi, domin fis ɗin ne yake tsayawa tsakanin yaro da gobara. A yi caji da cajarta ta asali, babba ne zai jona ba yaro ba, kuma kada a bar motar a tsakar gida cikin rana, musamman lokacin bazara. In an gama shagalin Sallah za a ajiye ta, a cika batirin tukuna, a riƙa ƙara masa caji duk wata, don batirin dalma in ya daɗe babu wuta a cikinsa ba ya sake tashi.