Filin Tambaya da Amsa: Wai kamfanin Oracle ɗin nan daga ina ya faro?

Wannan makon tambayoyi uku ne suka faɗo kan kamfani ɗaya, wato Oracle mai manhajar rumbun ajiye bayanai, sai kawai na haɗa su waje guda.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce ina karantar kwamfuta, an fara koya mana SQL, yaren neman bayanai a rumbun kwamfuta, sai malaminmu yace Oracle ne suka ƙirƙiro wannan tsarin na ajiye bayanai a teburori, wani ɗan ajinmu kuma yace a'a IBM ne. Dan Allah a raba mana gardama.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ɗan ajin naku ya fi kusa da gaskiya, amma fa kar kije ki ƙure malaminku a gaban aji, shima yana da ɗan abin kamawa. Wanda ya kawo dabarar sunansa Edgar Codd, masanin lissafi ne ɗan asalin Ingila dake aiki a ɗakin binciken IBM na San Jose a jihar Kalifoniya ta Amurka, a 1970 ya wallafa maƙalar da ta canza komai. Kafin nan idan kana son ciro wani bayani daga rumbun kwamfuta dole ka bi hanyar da mai rubuta manhajar ya shimfiɗa tun farko, daga wannan ka shiga wancan, ranar da oga ya zo da sabuwar tambaya wadda ba'a tanadar mata hanya ba toh sai dai a koma a sake rubuta manhaja. Codd yace a daina wannan wahalar, a zuba komai a teburori masu layi-layi, misali tebur ɗaya na ɗalibai kowa da lambarsa da sunansa, wani teburin na maki, a ciki lambar ɗalibi ce kawai da darasi da makin da ya ci, lambar nan ita ke haɗa su, ke naki kawai ki faɗi abinda kike so, yanda za'a nemo shi kuma aikin injin ne.

IBM sun kafa masu bincike a kai, aikin da suka kira System R, a nan Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka fito da yaren SEQUEL a 1974 wanda daga baya ya koma SQL ɗin da ake koya muku. Matsalar itace IBM na da wani tsohon rumbu mai suna IMS da yake kawo musu kuɗi sosai, ba su ga dalilin gaggawar fito da abinda zai kashe masa kasuwa ba, amma kuma suka bar masu bincikensu suna wallafa duk abinda suka gano kowa na karantawa. Cikin masu karantawa harda wani Larry Ellison, mutumin da ya shiga jami'a sau biyu bai gama ko ɗaya ba. A 1977 shi da Bob Miner da Ed Oates suka buɗe ɗan kamfani mai suna Software Development Laboratories, wanda daga baya ya koma Oracle, da jarin dala 2,000 kacal, 1,200 daga aljihun Ellison. Sunan Oracle kuma sun ɗauko shi ne daga wani aikin hukumar leƙen asirin Amurka CIA da aka yi a kamfanin Ampex inda suka yi aiki a baya. 1979 suka shigo kasuwa da rumbun dake jin SQL, IBM kuwa sai 1981 suka fito da nasu mai suna SQL/DS, wani nasun DB2 kuma sai 1983. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi kenan, duk da dai Codd ya samu lambar yabo ta Turing a 1981 kuma DB2 ma ba ƙaramin kuɗi ta kawo wa IBM ba.

Abin dariyar ma, fitowar farko da suka sayar sun sa mata suna Oracle 2 ne, babu ta ɗaya a kasuwa sam, dan Ellison ya san babu kamfanin dake son a fara gwaji a kansa. In kuma kin taɓa ganin tsofaffin darussan Oracle inda ake shiga da suna scott da fasuwod tiger, Bruce Scott na cikin ma'aikatan farko, Tiger kuma sunan kyanwar gidansa ne.

Ni a ganina abinda ya ɗaga su ba rigan IBM kaɗai bane, a 1983 suka sake rubuta manhajar gaba ɗaya da yaren C, sai ya zamana tana hawa kusan kowace irin kwamfuta, ta IBM ce ko ta DEC ko masu Unix, a lokacin da kayan IBM yawanci sai a injin IBM suke aiki.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Naji ance akwai lokacin da Oracle ya kusa rushewa, gaskiya ne? In haka ne ya akayi kuma ya zo ya fi ƙarfin sauran?

AMSA: Gaskiya ne ɗan'uwa, kuma ba wani ne ya musu ba, su suka yi wa kansu. Sun shiga kasuwar hannun jari ranar 12 ga Maris 1986, washegari Microsoft suka shiga, a shekarun nan kusan duk shekara sai cinikin Oracle ya ninka, aka saba da haka har ya zama dole a ninka ko ta halin ƙaƙa. Sai 'yan tallan kamfanin suka koma lallaɓar kwastoma ya sa hannu ya sayi lasisin shekaru masu zuwa tun yanzu da rangwame, su kuma su rubuta duka kuɗin a matsayin cinikin wannan zangon dan su karɓi kamasho mai kauri, alhali kuɗin bai shigo ba wani ma ba zai taɓa shigowa ba. 1990 asiri ya tonu, kamfanin ya tafka asara, aka sake lissafin ribar da aka sanar a baya, masu hannun jari suka kai ƙara, aka sallami ma'aikata kusan 400 wato wajen kashi 10 cikin ɗari. Abinda ya cece su shine Ellison ya yarda aka kawo mutanen da suka san lissafi da tafiyar da babban kamfani, Jeff Henley a ɓangaren kuɗi da Ray Lane a ɓangaren kasuwanci, sannan Oracle 7 da ta fito a 1992 ta yi kyau da gaske ba cika baki ba. Bob Miner wanda shine ainihin injiniyan da ya rubuta yawancin manhajar farko ya rasu a 1994, mutane kaɗan ne ke tuna shi.

Abokan gasar kuma kowa da abinda ya kada shi. Ingres wanda ya fito daga jami'ar Kalifoniya dake Berkeley ƙarƙashin Michael Stonebraker, masana da yawa na ganin ya fi Oracle inganci a lokacin, amma suka riƙe nasu yaren QUEL har SQL ya zama ma'aunin da hukuma ta amince da shi a 1986, kafin su juyo kasuwa ta tafi. Informix da suka riƙa kafa allunan talla a bakin titi kusa da hedikwatar Oracle suna tsokanarsu, 1997 irin ciwon nan na lissafin bogi ya kama su, su basu tashi ba, IBM ya saye sashen rumbunsu a 2001 kan dala biliyan 1. Sybase kuma SAP na Jamus ne ya saye shi a 2010.

Daga nan Oracle ya koma saye-saye, kamfanin manhaja PeopleSoft a 2005 kan dala biliyan 10.3 bayan anyi wata 18 ana tirka-tirka dan shugabannin PeopleSoft ɗin basa son a saye su, sai Siebel a 2006, har zuwa Cerner mai manhajar asibitoci a 2022 kan wajen dala biliyan 28. Ellison ya sauka daga kujerar shugaba a 2014 amma bai bar kamfanin ba, a 2020 kuma suka maida hedikwata Austin a jihar Texas.

TAMBAYA: Malam ni MySQL nake amfani dashi saboda kyauta ne, sai wani yace ai shima na Oracle ne, wai haka ne? Kar in gama koyo azo ace in biya.

AMSA: Haka ne, amma kwantar da hankalinka. MySQL daga Suwidin ya fito a 1995, kamfanin Sun Microsystems ya saye shi a 2008 kan wajen dala biliyan 1, Oracle kuma ya saye Sun ɗin gaba ɗaya a 2010 kan biliyan 7.4, a nan ya gaji MySQL da yaren Java duka. Irin tsoron da kake ji shi Monty Widenius ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri MySQL ya ji, har ya nemi Tarayyar Turai ta hana cinikin, bai yi nasara ba, amma ya riga ya kwafi lambobin manhajar tunda lasisinta ya bada dama ya buɗe MariaDB. Na kyautan MySQL yana nan har yau. Java ɗin ce ma ta jawo rigima, Oracle ya maka Google a kotu a 2010 kan amfani da Java a Android, aka yi ta yi sai 2021 kotun ƙolin Amurka ta ba Google gaskiya.

Kai dai ka riƙe SQL da kyau, yawancinsa ɗaya ne ko a MySQL ko MariaDB ko PostgreSQL, wanda shima daga aikin Stonebraker na bayan Ingres ya samo asali. Inda kuɗi ke fita shine babban rumbun Oracle ɗin kansa da bankuna da kamfanonin waya ke amfani dashi, lasisinsa da yawan furosesa ake lissafawa ga kuɗin kulawa duk shekara, kuma in kamfani ya shekara ashirin yana rubuta dokokin aikinsa da PL/SQL wanda yaren Oracle ne na kansa toh fita ba wasa bane, dan sai an sake rubutawa an gwada ɗaya bayan ɗaya kuma aiki bai tsaya ba. Amazon da duk injiniyoyinsu sai da suka kwashe shekaru suna kwashe kaya daga Oracle, rumbuna kusan 7,500, sai a 2019 suka sanar sun kashe na ƙarshe a sashensu na cinikin intanet.