Amsa ga Malamar da ta yi tambaya kan taron malamai na mako-mako

Assalamu alaikum, Malama. Na karanta tambayarki har sau biyu, inda kika ce wata uku ke nan da aka ba ki shugabancin makarantar firamare mai malamai 14, kuma taron da kike kira duk ranar Litinin yakan kai awa biyu, malamai suna ta gunaguni, sannan idan mako ya zagayo sai ki tarar ko rabin abin da aka tattauna ba a aiwatar ba. Kin nemi shawara kan ranar da ta fi dacewa da kuma yadda za a tsara zaman. Na yi shekara 12 ina malamin aji, na kuma yi 9 a irin kujerar da kike kai yanzu, don haka mafi yawan abin da zan faɗa miki daga tuntuɓen da na yi da kaina na samo shi.

Ki fara da ɗan lissafi. Malamai 14 da suka zauna awa biyu sun ba ki awa 28 daga lokacinsu a mako guda, kuma idan zangon karatu ya yi mako 13, awa 364 ke nan. Da na yi wa kaina irin wannan lissafin a shekarata ta farko, sai kunya ta kama ni, domin abin da nake yi da lokacin bai wuce karanta takardun da aka aiko daga ofishin ilimi ba, ina jaddada cewa a riƙa zuwa da wuri, kowa yana gyaɗa kai yana satar kallon agogo. Taron tsintsiya ne ba shara. Duk maganar da mutum zai iya karantawa da idonsa a cikin minti biyu ba ta cancanci a tara mutum 14 dominta ba, saboda haka sai na kwashe sanarwa gaba ɗaya daga taron, na mayar da ita takarda mai shafi ɗaya da ake mannawa a ofishin malamai, a kuma tura hotonta a zauren WhatsApp na ma'aikata. A cikinta akwai sunan malamin duti na makon, da wanda zai jagoranci asambili, da ranakun gwaji, da baƙin da ake sa ran zuwansu, da ranar da za a miƙa rajista domin a duba. Mai gadi da masu shara da akawu su ma a sanar da su abin da ya shafe su, domin sau da yawa shiri yakan rushe ne kawai saboda wanda ke riƙe da makullin ɗakin bai san da maganar ba.

Game da rana kuwa, ba na goyon bayan Litinin. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma shirin makon da aka riga aka shiga ba shi da wani amfani ga malamin da darasinsa na farko ya wuce tun da safe. Na gwada ranar ƙarshe ta mako, sai na ga jikin mutane ne kawai a zaune, hankalinsu ya riga ya isa gida. Alhamis ce ta karɓe ni, bayan an tashi yara, domin akwai sauran kwana guda da za a nemo abin da aka rasa, a buga takarda, a sanar da iyaye, kafin sabon mako ya kama. Abin da zan roƙe ki shi ne kada ki taɓa yin taron a lokacin darasi ko lokacin tara, domin ranar da yaro zai ji ciwo a filin wasa alhali duk malamai suna ofis, babu bayanin da zai gamsar da iyayensa.

Minti 40 nake yankewa, kuma ina buɗe taro a kan lokaci ko da mutum huɗu ne suka hallara, ba na kuma maimaita wa wanda ya makara abin da ya wuce. Wani masanin tarihi ɗan Ingila, C. Northcote Parkinson, ya rubuta a 1955 cewa aiki yakan miƙe ya cinye duk lokacin da aka ware masa, daga baya kuma ya yi nuni da cewa kwamiti yakan wuce babban al'amari cikin gaggawa, ya tsaya jayayya a kan ƙaramin abin da kowa yake jin ya sani. Na ga haka da idona ranar da muka ɓata fiye da rabin awa muna muhawara kan launin fentin da za a shafa wa allon sanarwa, muka tashi ba mu taɓo maganar 'yan aji 3 da ba su iya haɗa baƙi ba. Tun daga ranar, duk maganar da mutum biyu ko uku za su iya kashewa sai in miƙa musu ita, su kawo mana abin da suka tsayar kawai.

Yanzu ga abin da nake ganin shi ne ainihin ciwon da kika kawo, wato rashin aiwatarwa. Ki saurari yadda ake rufe magana a taronku, na tabbata za ki ji ana cewa "a duba lamarin", ko "za a gyara", ko "ya kamata a tuntuɓi iyaye". Wannan "a" ɗin ba ta da suna, ba ta da aji, ba ta kuma sa hannu a littafin zuwa aiki, shi ya sa duk aikin da aka ɗora mata yake kwana a inda aka bar shi. Na sayi babban littafi na ja layi uku a kowane shafi: abin da za a yi, da sunan mutum ɗaya tak da zai yi shi, da ranar da zai kammala. Idan an rasa wanda za a rubuta sunansa, to ba a yanke shawara ba ke nan, hira aka yi. Kuma abu na farko a kowane zama, kafin komai, shi ne a buɗe shafin makon jiya a karanta layi-layi, mai suna ya ce ya yi ko bai yi ba, ba tare da dogon turanci ba. Minti biyar ya ishi wannan. Kada shawarwarin su wuce biyar ko shida a mako, domin idan suka yi yawa littafin ma zai koma irin takardun da ake karantawa a manta.

Mafi yawan ragowar lokacin, kusan minti 25, na karatun yara ne, kuma nan nake so ki fi ba da ƙarfi. Kowane malami ya zo da tsarin darussansa na zango da dayarinsa, wato littafin da yake rubuta abin da ya riga ya koyar, ya faɗi inda ya kamata ya kai da inda ya kai a zahiri. Kafin mu fara haka, mun taɓa samun aji 4 mai rassa biyu, ɗaya ya yi nisa a ɓangarorin lamba, ɗayan yana fama da doguwar rabawa, ba wanda ya sani sai da aka zo tsara jarrabawa guda ga rassan biyu. Mun kuma taɓa wayar gari malamai uku sun sa wa 'yan aji 5 gwaji a Laraba ɗaya, yaran suka faɗi na ukun warwas, alhali da an dubi jadawali tare da an raba ranakun cikin minti ɗaya.

Wani abin da ya yi mana amfani ƙwarai shi ne kowane mako aji ɗaya ya kawo littattafan rubutu guda uku: na yaro mai ƙoƙari, da na matsakaici, da na wanda aka bari a baya. Wata Alhamis malamar aji 3 ta baje nata a kan teburi, sai muka ga inda ta yi shiftar "ɗari uku da biyar" yara biyu sun rubuta 3005. Malamin aji 4 ya miƙa wuya ya duba, ya ce ai nasa ma haka suke yi, shi ya ɗauka sakaci ne. Da muka bi diddigi, sai muka gane cewa tun a aji 2 an yi wa darasin matsayin lamba shan ruwan tsuntsaye, yaran suna rubuta 300 cikakkiya sannan su liƙa mata 5. A zaman muka tsayar cewa azuzuwan uku za su ware minti goma na farkon darasin lissafi har mako biyu, ana ɗaure tsinkaye goma-goma da ɗari-ɗari, aka kuma rubuta sunayen malaman a littafi. Irin wannan kuskuren malami ɗaya ba zai gano tushensa shi kaɗai a ajinsa ba, kuma dominsa ne ya dace a tara mutane.

Ba mu muka fara wannan tunanin ba. A Japan, tun ƙarshen ƙarni na 19 malamai suke da tsarin shirya darasi guda tare, ɗaya ya koyar saura suna kallon yadda yara ke fahimta, sannan su zauna su gyara shi. A Ingila kuma tun 2005 doka ta ba malami aƙalla kashi 10 cikin 100 na lokacin koyarwarsa domin shiri da duba aikin ɗalibai. Ko da jadawalinki ba zai ɗauki haka ba, ki yi dabara ki daidaita wa malaman da ke riƙe da rassan aji ɗaya darasi guda a mako da duk ba su da aji, su zauna su biyu su shirya makon gaba. Abin da suke kashewa a wannan ɗan zaman yakan rage wa babban taro nauyi sosai.

Kafin a tashi, a tambayi wanda ya san ba zai zo wata rana a mako mai zuwa ba, ko don asibiti ko bita, a rubuta wanda zai riƙe ajinsa, shi kuma ya bar aikin da za a ba yaran a rubuce. Wannan ba ya cin minti uku.

Akwai kuskure guda da na yi wanda har yau yake damuna, kuma ba na so ki maimaita shi. A wani zama na ambaci sunan wata malama a gaban kowa saboda yawan makara, ina ganin hakan zai zama darasi ga saura. Ta daina makara kam, amma har zangon ya ƙare ba ta sake buɗe baki a taro ba, alhali ita ce ta fi kowa sanin yadda ake koyar da karatu a ƙananan azuzuwa. Daga baya na ji cewa mahaifiyarta take jinya. Gyaran mutum ɗaya a ofis ake yinsa, ƙofa a rufe, a fara da tambayar lafiya. Haka nan ki lura da sababbin malamai, domin ba za su yi magana a gaban waɗanda suka girme su a aiki ba sai kin kira su da suna kin nemi ra'ayinsu, kuma ya fi kyau ki fara da su kafin manya su yi magana. Riƙon littafin ma a riƙa karɓa-karɓa, kada ya zama aikin mutum ɗaya.

Ki sa ran cewa a makonni biyu ko uku na farko wasu za su ɗauki littafin a matsayin tarko, don haka sunan farko da zai shiga ciki ya kasance naki. Ni na rubuta cewa zan sa a gyara tagar aji 1 da ta karye kafin Talata, sai hidimomi suka sha kaina ban yi ba. Da Alhamis ta zo, malamin da ke riƙe da littafin ya karanto layin ya yi shiru yana dubana, na ce ban yi ba, a sake rubuta mini Litinin. Aka yi dariya, aka wuce layi na gaba, kuma mutum biyun da suka biyo bayana su ma suka amsa da gaskiya ba tare da kame-kame ba. Ranar Litinin kafin a kaɗa ƙararrawa kafinta ya riga ya ɗaura tagar.