Rubutun bango: fasaha ce ko ɓarna?

Malam, ka tambaya ko rubutu da zanen da matasa ke fesawa a bango, wato girafiti, fasaha ce ko ɓarna. A ganina ya danganta da bangon waye da kuma abin da aka rubuta.

Abin ya daɗe. A garin Pompeii na Italiya, wanda tokar dutse mai aman wuta ta binne a shekara ta 79 miladiyya, an tono bangaye cike da zagi, kalaman soyayya, har da tallar 'yan takara. Salon yau kuwa ya taso ne a Filadelfiya da New York a ƙarshen shekarun 1960, inda yaran unguwannin talakawa ke rubuta laƙabinsu a bango da jikin jiragen ƙasa. A 1971 jaridar New York Times ta ba da labarin wani matashi mai sa hannu da TAKI 183, sai abin ya bazu kamar wutar daji. Hukumar jiragen ƙasa ta New York ta yi ta fama, har a 1989 ta kai ga hana jirgi mai zane fita aiki.

Abin dariya, aikin da 'yan sanda ke kama yaro a kansa shi attajirai ke rububi. A 2021 an sayar da wani zanen Banksy, fitaccen mai zanen bango na Ingila, sama da fam miliyan 18.

Mu ma muna da namu: "Ba a fitsari a nan", "Gidan nan ba na sayarwa ba ne". Waɗannan suna da amfani. Amma fesa sunan ɗan takara a katangar mutum ba da izininsa ba, wannan kam ɓarna ce.